Talatin da Shida

Kyamarar Kawu Jatau ce.
Da aka raba gado, wani ya ɗau fili, wata keken ɗinki,
ni aka miƙo mini jakar fata mai warin kafur.
Cikinta ƙarfe mai nauyin dutsen guga,
da fim guda a gwangwaninsa, ya zaro harshe waje.

Ran Asabar, rana ba ta gama wanke ido ba
ina tashar Talbijin, mu huɗu a kujerar mutum uku.
Kafancan na nufa, ba ni da kowa a can.
Talatin da shida ne jarina.
Mai waya ɗauka yake kamar mai watsa wa kaji tsaba,
ni kuwa aunawa nake
kamar mai cefanen ƙarshen wata.

A Kaciya muka tsaya shan mai.
Wata tana fifita masara, hayaƙi ya yi mata lulluɓi.
Na ɗaga, na sauke, na sake ɗagawa.
Ƙyas!
Ta ce, "Mu gani."
Na ce, "Sai an wanke."
Ta ce, "Au, datti gare ni?"
Har direba sai da ya riƙe ciki.

Tsohuwar tashar jirgi tana gyangyaɗi.
Taragu sun durƙusa cikin ciyawa,
akuya ta haihu a inda ake yankar tikiti.
Baba Didam, ɗan fanshon reluwe,
ya hana ni dannawa sai da ya gyara hula,
ya ƙame, ya ɗaga hannun da babu tuta a ciki.
Uku na kashe a kansa.
Ban yi da-na-sani ba.

Da la'asar hadari ya gangaro daga dutsen Kagoro.
Na cusa ta cikin riga kamar ɗan tsako,
ni na jiƙe, ita ta tsira.
Na ƙarshen a rumfar mai faci na ɗauke shi:
ruwa yana ɗiga cikin tsohuwar taya,
ba don komai ba.

Barau mai wankin hoto a Tudun Wada,
shi kaɗai ya rage da jan ƙwai a ɗakin duhu.
Ya ce maganin daga Ikko yake zuwa, in yi haƙuri.
Kwana goma sha ɗaya ina lissafi
kamar wanda ya aika kuɗi ta hannun baƙo.

Ran karɓa ya ɗaga fim ɗin sama, ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Samari, gonar da ka shuka
akwai iri a cikinta tun tuni."

Ashe Kawu ya riga ni.
Ya ɗauka, ya naɗe, ya manta,
ko kuwa kuɗin wanki ne bai samu ba.

Ga mai masara, Besfa ta ratsa ta ƙirjinta.
Ga Baba Didam, ragon suna a kafaɗarsa.
Dutsen Kagoro ya shigo tsakar gidanmu na Unguwar Shanu,
igiyar shanya ta ɗaure masa wuya.
Sai na sha tara:
wata budurwa tana dariya har da wushirya,
tsaye a tsakiyar layin dogo
na garin da ba ta taɓa takawa ba.

Na kai wa Inna bayan magariba.
Ta matso da fitila, ta sa gefen zane
tana goge taragon da ya tare mata fuska.
Bai fita ba.
Ta yi shiru har shayi ya huce,
sannan ta ce,
"Wannan ɗankwalin ma aro na yi.
Wa ya kai ni bakin jirgi?"